Daga Hawan Ƙaho Zuwa Madrid: Fim Ɗin Tsohon Da Aka Raina

Mutanen Kazaure, Roni, Gwiwa, da ku na Babura can bakin boda, ina gaisuwa. Yau fim za mu tattauna, amma ba na Kano ba, ba kuma na Indiya ba. Na Sifaniya ne, ya haura shekara 30, ga shi baƙi da fari. Kar ku gudu tukuna.

Mu fara daga gida don a gane zancen. Kun san hawan ƙaho, ko aƙalla kun ji labarinsa a bakin manya. Wasan mahauta ne. Idan aka samu bijimi mai faɗa da za a yanka, musamman a jajibirin Sallah ko wani babban biki, ba a wucewa da shi shiru. A ɗaura masa igiya gaba da baya, samari na riƙe, kalangu na tashi. Sai ɗan wasa ya fito da layunsa, ya yi kirari, ya durƙusa gaban sa. Da san ya sunkuyo zai kai suka, sai ya faɗa tsakanin ƙahonnin ya rungume wuya, sa na ta girgiza shi. Babu makami a hannunsa. Yankan kuma daga baya ake yi, da bismillah.

To a Sifaniya abin ya sha bamban, don su kisan shi ne wasan. Babban filinsu na Madrid, Las Ventas, an buɗe shi a 1931, yana cin mutum sama da 20,000. Wasan kashi 3 ne. Da farko masu dawaki su soki san da mashi a bayan wuya don ya rage ƙarfi. Sai wasu su kafa masa sanduna masu ƙugiya. Daga nan gwanin, wanda suke kira matador, ya fito da jan ƙyalle da takobi. Af, jan launin nan ba shi ke tunzura sa ba, motsin ƙyallen yake bi. Su kansu suna rigima kan wasan: majalisar yankin Kataloniya ta haramta shi a 2010, kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2016.

Amma akwai wani mutum da ba a ɗaukar hotonsa. Idan takobi ya shiga, sa ya durƙushe bai mutu ba, wani ne zai lallaɓo da 'yar gajeriyar wuƙa ya caka masa a ƙeya ya ƙarasa shi. Puntillero suke ce masa. Tafi na matador ne, shi kuwa ba a tunawa da shi sai ranar da ya kuskure, a yi masa ihu.

Kan wannan mutumin aka gina fim ɗin. Sunansa Justino, un asesino de la tercera edad, wato Hustino, tsoho mai kisan kai. Ya fito a 1994. Mutum 2 ne suka shirya shi da ɗan kuɗi kaɗan, Santiago Aguilar da Luis Guridi, suna kiran kansu La Cuadrilla, kalmar da ake kiran tawagar yaran matador da ita. Kun ga tun daga suna sun nuna ɓangaren da suke.

Hustino ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana wannan aiki, sai aka yi masa ritaya ba da son ransa ba. Ya fito duniya ya tarar ba mai ganinsa da gashi, a gida haka, a titi haka. Abu ɗaya ya iya a rayuwa: inda ake caka wuƙa. Sai ya juya ta kan mutane. Yana da aboki, Sansoncito, mai ba 'yan kallo hayar matashin zama a filin, burinsu kawai su tafi Benidorm, garin bakin teku, su huta.

Ina abin dariya a nan? Nan ne gwanintar take. Gawa na ƙaruwa, amma ba wanda ya kawo tsohon a ransa. Rainin da ya tunzura shi, shi ne kuma ya zame masa layar zana. Kana dariya, can sai ka ji ta tsaya maka a maƙogwaro, don ka gane da kai ake. Ban ce kisa burgewa ba ne, Allah ya kiyaye, kuma ba fim ɗin da za a kunna wa yara ba ne.

Ga wani abin ban dariya na gaske. Saturnino García, wanda ya fito a Hustino, an haife shi a 1935, amma a 1995 ya karɓi kyautar Goya, babbar kyautar fim ta ƙasar, a matsayin sabon jarumi. Sabon jarumi yana dab da shekara 60! Masu shiryawar ma sun ci ta sababbin daraktoci.

Yanzu mu dawo gida. Mu faɗi gaskiya, ya muke kallon mahauci? Tsirensa muna so, balangunsa muna so, ranar hawan ƙaho muna yi masa kari, dambe ma da muke alfahari da shi gadon rundawa ne. Amma ya zo neman aure a wasu gidaje, sai ka ji ana tambayar asali. Shi Hustino ma ai yana da ritaya. Wanda sa ya karya wa haƙarƙari shekara 40 da suka wuce fa? Dokar fansho ta 2004 an gina ta ne kan mai albashi. Mahauci, mai kalangu, ɗan dako, fanshonsu 'ya'yansu ne, 'ya'yan kuma suna Kano ko Legas suna fama da kansu.

Masu fim ɗinmu kuwa, yawanci ba sa ba tsoho irin wannan matsayi. Ko dai uban yarinya mai hana aure, ko mai gadi da ake yi wa dariya. Alhali kayan labari ga su nan a mahautar kowace kasuwa: kalangu, kirari, tsoro, gasa tsakanin gidaje, da mutumin da gari ya taɓa yi wa guɗa, yau yana zaune kan benci yana kora wa yaronsa ƙuda. Da ɗan kuɗi kaɗan aka yi Justino. Wayar da ke hannunka ta ishe ka farawa.

Don haka ga aikin wannan mako. Duk wanda ke da tsohon ɗan hawan ƙaho a unguwarsu, ya je ya gaishe shi, ya nemi izini, ya naɗi muryarsa. Ka tambaye shi: Baba, wa ya koya maka, wane sa ne ya fi ba ka wuya, yaushe ka daina? Idan ba ka san kowa ba, gidan Sarkin Pawan garinku za ka nufa. Ku turo mana, za mu sa a shiri na gaba in sha Allah.