Yadda ake hana batirin tirelar shaƙatawa mutuwa a lokacin ajiya

A duk shekara idan hunturu ya kama a ƙasashen Turai da Amurka da Kanada, iyalai da dama kan ajiye tirelolin da suke yawon shaƙatawa da su har na tsawon wata biyar ko shida, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ake yawan tararwa sun lalace idan aka dawo shi ne batir.

Ita wannan tirela wani ɗan ƙaramin gida ne a kan tayoyi, mai gado da madafa da makewayi, wanda ake ɗaurawa a bayan mota a tafi da shi bakin teku ko gandun daji.

Al'adar ta daɗe. A shekarar 1885 wani likitan sojan ruwa ɗan yankin Scotland, William Gordon Stables, ya zaga Birtaniya a cikin irin wannan gida da dawaki ke ja, kuma a 1907 aka kafa ƙungiyar Caravan Club a ƙasar. A Amurka kuwa, yankin Elkhart da ke jihar Indiana shi ne cibiyar ƙera su.

Batir mai ƙarfin bolt 12 ne ke kunna fitilun tirelar da famfon ruwa da fankar na'urar ɗumama ɗaki, a duk inda babu wutar lantarki ta gari.

Ya sha bamban da na mota. Na mota aikinsa shi ne ya ba da wuta mai yawa cikin 'yan daƙiƙoƙi don tayar da inji, shi kuwa na tirela farantan cikinsa sun fi kauri, an yi shi ne don ya riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon sa'o'i.

Ina cajin ke tafiya?

Mai tirela zai kashe komai, ya kulle ƙofa, ya tafi da zaton batir zai zauna yadda ya bar shi.

To amma akwai na'urorin da ba su barci. Akwai mai sansano yoyon iskar gas, da mai gano hayaƙi mai guba, da rediyo da ke riƙe da agogonta, sannan a Birtaniya musamman akwai ƙararrawar ɓarayi da na'urar bin sawu.

Kowace daga cikinsu wutar da take ja ba ta taka kara ta karya ba, sai dai dare da rana take ja.

Lissafin mai sauƙi ne. Idan duka-duka suna jan kashi ɗaya cikin goma na amfiya, a kwana guda sun cinye amfiya-awa 2.4. Batirin da ke ɗaukar amfiya-awa 100 zai kai rabi cikin mako uku, ya ƙare ƙurmus cikin mako shida.

Ko da an cire wayoyin baki ɗaya, batirin dalma yana zubar da cajinsa da kansa, kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wata idan yanayi na da matsakaicin ɗumi, kuma tsohon batir ya fi haka.

Abin da ke faruwa a ciki

Wani masanin kimiyya Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro batirin dalma a shekarar 1859, kuma har yanzu tushen aikinsa bai sauya ba.

A cikin batir mai bolt 12 akwai ɗakuna shida, kowane yana ba da bolt biyu da 'yan kai, kuma a cikin kowane akwai farantan dalma da aka tsoma a ruwan asid.

Yayin da batir ke ba da wuta, asid ɗin kan haɗu da dalma ya zama wani farin gishiri da ke liƙewa a jikin farantan. Idan aka yi caji da wuri, gishirin kan narke ya koma cikin ruwan, batir ya dawo yadda yake.

Matsalar tana tasowa ne idan aka bar shi babu caji na makonni. Gishirin sai ya daskare ya zama ƙwayoyi masu tauri waɗanda caja ba ta iya narkar da su, ya toshe wani ɓangare na farantan har abada.

Irin wannan batir shi ne mai yaudara. Zai nuna ya cika cikin ɗan lokaci idan aka sa masa caja, amma da an kunna fitilu biyu sai ya faɗi, domin wurin da ya rage na ajiye wuta ya ƙanƙance.

Wannan ne ya sa masu ƙera batura ke ba da shawarar kada a riƙa barin cajin batirin dalma ya yi ƙasa da rabi, kuma kada a ajiye shi sai a cike.

Mita mai araha ta wadatar wajen gane halin da yake ciki, muddin an bar shi ya huta na wasu sa'o'i babu caji kuma babu abin da ke jan wuta. Bolt 12.6 zuwa 12.7 na nufin ya cika, 12.4 na nufin kusan kashi uku cikin huɗu, 12.2 kuma kusan rabi. Wanda ya ga 12.0 ya ɗauka lafiya lau tunda an rubuta bolt 12 a jikin batirin, ya yi kuskure, domin a lokacin cajin ya kusa ƙarewa.

Sanyi da zafi

Ruwan batirin da ya cika ba ya ƙanƙarewa sai sanyi ya zarce digiri 50 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas.

Amma wanda cajinsa ya ƙare, ruwan cikinsa ya kusa zama ruwa zalla, don haka yana iya ƙanƙarewa a wajen digiri 7 ƙasa da sifiri. A birane irin su Winnipeg na Kanada da Minneapolis na Amurka, inda sanyin watan Janairu kan wuce digiri 20 ƙasa da sifiri, ƙanƙarar kan kumbura ta lanƙwasa farantan ko ta fasa kwandon batirin, asid ya zube a cikin tirela.

Sai dai sanyi ba shi ne babban abokin gaban batir mai caji ba, hasali ma yana rage saurin zubewar cajin. Zafi ne ke cin sa. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage rayuwar batirin dalma da kusan rabi.

Matakan da ake ɗauka

Mafi sauƙi shi ne a cika batirin, a cire wayar da ke da alamar ɗebewa, sannan a riƙa auna shi duk wata ana sake caji idan ya sauka zuwa bolt 12.4.

Ita ake fara cirewa saboda tana haɗe da ƙarfen jikin tirela, kuma da zarar an raba ta, sifana ba za ta yi tartsatsi ba ko da ta taɓa ƙarfe.

Wasu kan ɗauke batirin ɗungurungum su kai gareji ko wani ɗaki mai sanyi da iska ke shiga. Maganar da ake yi cewa ajiye batir a kan siminti yana shanye cajinsa ta samo asali ne daga zamanin da ake yin kwandon da katako ko baƙar roba mai tauri, amma kwandunan roba na yanzu ba su da wannan matsala.

Inda akwai wutar gari kusa, ana amfani da caja mai lura da kanta. Irin wannan caja kan tura wuta har batir ya kai wajen bolt 14.4, daga nan ta sauko zuwa tsakanin 13.2 da 13.8, tana maye gurbin abin da ya zube kawai.

A nan ne masu tsofaffin tireloli ke shiga uku. Cajar da ke cikin wasunsu mataki ɗaya gare ta, ba ta san batir ya cika ba, kuma idan aka bar ta a jone na watanni sai ta ƙafar da ruwan, farantan su fito fili su lalace. Wanda ya bar tirelarsa a jone don gudun mutuwar batir, sai ya tarar cajin ne ya kashe shi.

Batir mai murafu yana buƙatar a duba ruwansa kafin ajiya. Tataccen ruwa ake ƙarawa, ba na famfo ko rijiya ba, kuma ba a ƙara asid, domin ruwan ne kaɗai ke ƙafewa.

Haka kuma a lokacin caji batir na fitar da iskar haidirojin, wadda ke iya kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki, don haka ba a caji a rufaffen wuri ko kusa da taba.

Ga waɗanda ke ajiye tirela a fili, ƙaramin farantin sola mai wat 10 zuwa 20 kan wadatar, idan aka haɗa shi da na'urar da ke daidaita caji. Sai dai a London, hasken rana a ƙarshen Disamba bai kai sa'o'i takwas ba, kuma farantin da dusar ƙanƙara ta lulluɓe ba ya ba da komai.

Batirin litiyam

Sabbin tireloli da yawa yanzu suna amfani da batirin litiyam mai sinadarin ƙarfe da fosfet, wanda ya samo asali daga binciken da Farfesa John Goodenough da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Texas a shekarun 1990. Goodenough na cikin waɗanda suka samu lambar yabo ta Nobel a 2019.

Dokokinsa kusan kishiyar na dalma ne. Ba ya son a ajiye shi a cike na dogon lokaci, an fi so a bar shi da kimanin rabin caji ko sama da haka kaɗan a kuma raba shi da wayoyi. Kazalika ba a yi masa caji idan sanyi ya kai sifiri, domin hakan na lalata shi, shi ya sa yawancinsu ke da na'urar da ke katse cajin da kanta.

Tirelar shaƙatawa ba abu ba ce da aka saba gani a Kano ko Maraɗi, amma batirin dalma iri ɗaya ne da wanda ke cikin inbata da sola na gidaje, da taraktar da ake ajiyewa bayan damina, da motar da mai ita ya rufe ya tafi aikin Hajji. A wuraren da zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40, cajin ya fi saurin zubewa, kuma tayar da mota na minti biyar a tsaye ba ya mayar da abin da aka rasa.

A Amurka da Kanada akwai wani dalili da ya wuce batun kuɗin sabon batir. Manyan tireloli a can suna da birki na lantarki, da wata 'yar igiya da ake ɗaurawa a jikin mota, wadda ke fizge makunni ta kama birkin idan tirela ta kuɓuce a kan hanya.

Wutar da wannan birki ke aiki da ita daga batirin tirelar take fitowa. Idan batirin ya mutu a ajiya, ko aka manta ba a mayar da wayar da aka cire ba, tirelar da ta tsinke za ta ci gaba da gangarawa babu abin da zai tsayar da ita.