Gidan Gonar Tsohon Gwamna: Yadda Wuta Ta Shigo Ƙauye

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa mun kawo muku labarin wani gida a Jihar Jojiya ta ƙasar Amurka. Ba gidan bene ba ne. Gidan katako ne na manomi, a wani ɗan ƙauye mai suna Archery, wajen mil uku daga garin Plains. A nan ne Jimmy Carter ya girma, wanda ya yi Gwamnan Jojiya daga 1971 zuwa 1975, sa'an nan ya zama Shugaban Amurka daga 1977 zuwa 1981. Dattawanmu za su tuna ya ziyarci Nijeriya a 1978.

Yadda gidan yake

An haifi Carter a 1924, iyayensa kuwa suka koma wannan gona a 1928. A lokacin babu famfo a gidan, babu lantarki. Ruwa sai a rijiya, masai yana bayan gida, girki da itace, karatun dare kuma da fitilar kananzir. Da alfadarai ake huɗa. Suna noman auduga, da gyaɗa, da masara, da rake, suna kiwo. Tun kafin gari ya waye akan kaɗa ƙararrawa, kowa ya tashi ya kama aiki. Yaron kuwa tun yana shekara biyar yake kai tallan dafaffiyar gyaɗa cikin gari. Wanda ya tashi a karkararmu ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Yawancin mutanen ƙauyen baƙar fata ne, masu ƙodago da masu noma a gonar wani a raba amfani. Dokar wariyar launin fata ta lokacin ta danne su ƙwarai, gidajensu kuma ba su kai na maigona ba ko kusa. Har yanzu ɗan gidan Jack Clark, mai kaɗa ƙararrawar nan, da matarsa Rachel yana nan tsaye kusa da rumbun dabbobi, domin kada a manta da waɗanda guminsu ya riƙe gonar.

A 1987 gwamnatin Amurka ta yi dokar adana wuraren tarihin Carter. Da aka zo gyaran gonar, sai aka mai da ita kamar yadda take kafin shekara ta 1938. Me ya sa aka zaɓi wannan shekara? Domin a cikinta ne lantarki ya iso gidan.

Wa ya kawo wutar?

Ruwa ne ya fara zuwa. A 1935 mahaifinsa ya kafa injin da iska ke juyawa, yana jawo ruwa zuwa tanki. Wurin wanka kuwa bokiti ne aka huhhuda gindinsa aka rataye. Wannan mutum ɗaya yana iya yi a gidansa. Amma lantarki ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

A wajen 1935, gona ɗaya ce kawai cikin goma take da lantarki a Amurka. Kamfanoni suka ce jan waya zuwa ƙauye ba riba. Sai gwamnati ta kafa hukumar ba da rance mai sauƙin ruwa, manoma kuma suka kafa ƙungiyoyin gama kai su karɓa. Kowane gida yakan biya dala biyar kuɗin shiga, abin da ba ƙarami ba ne a zamanin. Suka zaga gida gida suna rubuta sunaye, suka ba da hanya a gonakinsu aka kafa turaku, suka zaɓi shugabanninsu, suka riƙa biyan kuɗin wuta kowane wata har aka biya rancen. Mahaifin Carter yana cikin shugabannin farko na ƙungiyar gundumarsu. Kafin shekara ashirin ta cika, wajen gona tara cikin goma sun sami wuta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bai rabu da ƙauye ba

Da mahaifinsa ya rasu a 1953, Carter ya bar aikin sojan ruwa ya dawo noma da cinikin gyaɗa. Shekarar farko aka yi fari, riba kusan babu. Matarsa Rosalynn ce ta riƙe littafin lissafi. A 1961 suka gina madaidaicin gida a Plains, can kuma suka koma bayan sun sauka daga mulki. Ya yi shekaru masu yawa yana koyarwa a makarantar Lahadi ta wata ƙaramar ikilisiyar Baftis. Ya rasu a watan Disamba 2024 yana da shekara 100, aka binne shi a harabar gidan nan kusa da matarsa.

Mu ma mun amfana da shi. Tun 1986 cibiyarsa ta shiga yaƙi da kurkunu, ciwon da yakan kwantar da manomi daidai lokacin noma. A wajen 1988 an ƙidaya fiye da mutum 650,000 masu ciwon a Nijeriya. Janar Yakubu Gowon ya sa hannu, 'yan sa kai na ƙauyuka suka koya wa jama'a tace ruwa da ƙyalle. An ga mai ciwon na ƙarshe a 2008, a 2013 kuma aka tabbatar ƙasar ta rabu da shi.

Abin da ya rage gare mu

Ƙungiyoyinmu da yawa suna da buri: rijiyar burtsatse, injin niƙa, ɗakin ajiyar hatsi, ko fitilar hasken rana a ɗakin shan magani. Abin da yakan kashe su mun san shi. Wani ya ci rancen taki bai biya ba, aka ji kunyar tambayarsa domin dattijo ne a ikilisiya. Ma'aji ba ya rubutu. Taro kuma sai ranar rabon kaya ake cika.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya, kafin kaka ta wuce, ta zauna ta zaɓi aiki guda ɗaya. A yanka kuɗin shiga wanda gwauruwa ma za ta iya biya. A karanta lissafi a gaban kowa wata wata. Wanda ake bi bashi ya biya tun hatsi yana rumbu. Kada kuma a bar 'yan ƙodago da maƙwabtanmu waɗanda ba 'yan ikilisiya ba a waje, gama rijiya ta kowa ce. Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanmu.