Ba a rage wa jif shan mai da sufana

Wani saƙo yana ta zagaya zaurukan WhatsApp na dangi da abokan aiki a 'yan makonnin nan, ɗauke da shawarwari ga mai shirin sayen ƙaramar jif irin su RAV4, CR-V, Tucson ko Sportage. Babu sunan wanda ya rubuta, babu sunan gareji, sai roƙon da aka saba gani a ƙarshe cewa a tura wa wasu don a sami lada. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta kuma haye dubu a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024, duk maganar da ta yi alkawarin rage kuɗin mai sai ta sami masu saurare. Babu laifin wanda ya gaskata saƙon, domin mutumin da albashinsa ke ƙarewa a gidan mai ko kara aka miƙa masa zai kama. Wanda ya zauna ya dama gaskiya da shaci-faɗi a ƙwarya ɗaya ya miƙa wa jama'a, shi ne ba shi da uzuri.

A yi wa saƙon adalci, akwai inda ya faɗi daidai. Taya mai ƙarancin iska tana ƙara shan mai. Na'urar sanyaya mota tana cin nata rabon, har ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce a gajeriyar tafiya cikin tsananin zafi asarar kan wuce kashi 25 cikin ɗari. Tarkacen da ake yawo da shi a but ma haka. Daga nan sai ya saki hanya. Wai a sha mai da asuba don ya fi kauri, alhali tankunan gidajen mai a ƙarƙashin ƙasa suke, zafinsu bai cika sauyawa tsakanin safe da rana ba. Ƙwayoyin da ake jefawa a tanki da maganaɗisun da ake ɗaura wa bututun mai kuwa, hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada fiye da ɗari daga irin waɗannan kayan, ba ta sami wanda ya yi abin a zo a gani ba. Sa mota a firi a gangara ma asara ce: injin zamani yana yanke mai da kansa idan ka ɗaga ƙafa daga totur mota tana cikin giya, a firi kuwa dole ya ci gaba da sha don kada ya mutu, ga shi ka bar wa birki nauyin motar gaba ɗaya.

Maganar da ta fi ɓarna tana tsakiyar saƙon. Cewa aka yi kada mai saye ya damu da girman inji ko nauyin mota, wai motocin Beljiyom da na Kwatano an ƙera su ne don ƙasashen sanyi, Turawa sun cusa musu abubuwa biyu da ke shaƙe inji a ƙasarmu, tamostat da abin da kanikawa ke kira indomi. Da mota ta iso, a kai ta gareji a cire su, a haɗa fanka kai tsaye, sai shan mai ya sauka. Wannan ita ce maganar da ke sa mutum ya sayi motar da ta fi ƙarfin aljihunsa, sannan ya biya kuɗi a nakasa masa ita.

Tamostat ƙaramar ƙofa ce tsakanin inji da lagireto. Idan inji yana da sanyi a rufe take, ruwa ya riƙa kewayawa a cikin injin kaɗai har ya ɗumama. Da ya kai wajen digiri 80 zuwa 90 sai ta buɗe, ruwan ya wuce lagireto ya huce. Aikinta shi ne ta kai inji ga zafin da aka ƙera shi a kai da wuri, ta kuma riƙe shi a wurin. Alaƙar wannan da mai a fili take, domin motocin da ake magana a kansu ba masu kafireto ba ne. Kwamfutar motar, wadda kanikawa ke kira birenbos, tana karanta zafin ruwa daga wata 'yar na'ura, kuma muddin ta ga inji bai ɗumama ba sai ta ƙara wa nozul mai, saboda fetur ba ya ƙonewa da kyau a inji mai sanyi. Aikin da cok ke yi ke nan a tsofaffin motoci. Wanda ya cire tamostat ya tsawaita wannan lokacin ne, a wasu tafiye-tafiyen ma ya hana shi ƙarewa. Baƙin mai ya daɗe da kauri, inji ya wahala wajen juyawa, fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke jikin silinda ya gangara ya tsinka baƙin man. Fankar da aka haɗa kai tsaye kuma tana jan wuta daga kunna mota har kashe ta, wutar nan ƙarfin inji ke samar da ita, wato fetur. Masu ƙera mota sun ɗauki injin da ya ƙi ɗumama a matsayin lalura, har lamba gare shi, P0128, wadda duk mai sikana zai iya gani.

Za a ce ai Sakkwato ba Jamus ba ce, a watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40, me inji zai yi da abin ɗumama shi? To, digiri 40 rabin abin da inji ke nema ne, kuma Toyota da Honda suna sayar da motocinsu a Saudiyya da Dubai da jihar Arizona ta Amurka da tamostat a ciki. Gaskiya ne a cunkoson Kano cikin bazara injin da ba shi da tamostat zai ɗumama da kansa, asarar ba za ta yi yawa ba. Amma a kawo safiyar hunturu a hanyar Zariya, ko Jos, ko 'yar tafiyar kai yara makaranta da ba ta wuce minti goma ba, a nan ne motar ke kwankwaɗar mai mai ita bai sani ba. Yawan asarar ya dogara da yanayi da irin tafiyar, shi ya sa wanda ya yanke maka adadi ɗaya ƙirƙirarsa ya yi. Abin da babu shakka a kai shi ne ɓangaren da awon ke karkata: cire tamostat ba ya rage shan mai. Akwai kuma hujjar bakanike, wadda ta fi ƙarfi. Ya ga mota tana tafasa, ya cire tamostat, ta daina. Bai yi ƙarya ba, tamostat takan maƙale a rufe idan ta tsufa, ta hana ruwa wucewa. Maganin wannan sabuwa ce, kuma tana cikin kayan inji masu araha. Sau da yawa ma ba ita ce mai laifin ba: lagireto ne ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji. Cirewar tana lulluɓe ciwon ne kawai. A injuna da yawa kuma, tamostat ɗin ce ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya ratsa lagireto ba, don haka rashinta na iya jawo zafin da ake gudu. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Shi kuma indomi ya samo sunansa daga kamanninsa, dunƙule ne a cikin salansa mai ƙananan ramuka kamar taliyar Indomie ba a dafa ba. An shafe ramukan da ƙarafa masu daraja, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda ke sauya gubar hayaƙi kafin ta fita. Tun 1975 ake sa shi a motocin Amurka, kuma babu abin da ya haɗa shi da sanyi ko zafin ƙasa. Injin da shi aka daidaita shi tun daga masana'anta, da na'urar auna iskar hayaƙi a gabansa da wata a bayansa. Idan aka huda shi aka zubar, ta bayan takan kai rahoto, wutar inji ta kama a gaban direba ta zauna daram. Daga ranar mai mota ya rasa mai yi masa gargaɗi, domin in fulogi ya mutu ko koyil ya fara ɗauke wuta, abubuwan da ke ƙara shan mai da gaske, wutar da za ta sanar da shi ta riga ta zama ado. Hayaƙin kuma ya fita da gubarsa, har da iskar nan marar launi marar wari da ke kashe mutane a ɗakin da aka kunna janareta. Masu shaƙar ta su ne mai Keke Napep da ke bayanka da yarinyar da ke talla a bakin titi.

Nan ma akwai ƙwayar gaskiyar da ƙaryar ta tsiro a kai. Indomi yakan toshe ko ya narke, mota ta rasa ƙarfi, ta riƙa shan mai, kuma in aka cire toshashshe za ta ji sauƙi nan take. Sai dai ba haka kawai yake toshewa ba. Inji mai ƙona baƙin mai ko mai tura ɗanyen fetur cikin salansa ne ke kashe shi, kuma wannan ciwon yana nan bayan an cire. Cire lafiyayye kuwa babu wata shaida da ta nuna yana kawo ragin da za a gani a gidan mai. Abin da yake kawowa tabbas shi ne kuɗi ga wanda ya riƙe shi. A 2021 farashin rodiyam ya ninka na zinariya fiye da sau goma, abin da ya sa satar wannan kaya ta addabi Amurka da Ingila. Kanikawa da yawa da zuciya ɗaya suke ba da shawarar, haka suka koya a wurin iyayen gidansu tun zamanin kafireto. Duk da haka, mai mota yana da haƙƙin ya tambayi inda abin da aka cire masa ya tafi, kuma nawa aka sayar.

Shan man jif yana tattare da nauyinta da girman injinta da tsayinta da ke karo da iska, sai hanyar da take bi da ƙafar mai tuƙa ta. Ana zaɓen wannan ne ranar saye. A ɗauki RAV4 ta 2010 mai jan gaba. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, mai silinda huɗu tana yin mil 22 da galan a cikin gari, 28 a babbar hanya. Mai silinda shida tana yin 19 da 27. A lissafinmu, wajen kilomita 9.4 da lita ke nan a gari ga ta farko, 8.1 ga ta biyu, a doguwar hanya kuwa kusan kai ɗaya suke. Wato mai zirga-zirgar Kaduna zuwa Kano ba zai ji bambanci sosai ba, wanda rayuwarsa ke cikin cunkoso shi ne zai ji a jikinsa. RAV4 ta 2019 mai haɗa fetur da batir tana kaiwa wajen kilomita 17 da lita, 'yar uwarta mai fetur zalla kusan 13, kuma a cikin gari ne tazarar ta fi faɗi. Wanda ke tafiyar kilomita 1,200 a wata, bambancin mota mai yin 8 da mai yin 10 lita 30 ne duk wata. Babu sufanar da za ta cike wannan gurbin.

Su kansu lambobin takarda a yi taka-tsantsan da su. Galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, na Ingila 4.5, dillalin da ya ambaci mil da galan bai ce na wace ƙasa ba bai gama magana ba. An kuma auna su ne a sabuwar mota a ɗakin gwaji. Tsohon gwajin Turai ya yi nisa da gaskiya har aka sauya shi daga 2017, kuma ko da sabon, rahoton Hukumar Tarayyar Turai na 2024 ya nuna motocin fetur da dizil suna shan wajen kashi ɗaya cikin biyar fiye da abin da aka rubuta. A 2012 Hyundai da Kia sun amsa cewa sun zuzuta lambobin wasu motocinsu a Amurka, har da Tucson da Sportage, a 2014 suka biya tarar dala miliyan 100. Amfanin lambobin shi ne kwatanta mota da mota a ma'auni ɗaya. Motar da ta shekara goma sha biyar, tana bin ramuka da na'urar sanyi a kunne, a sa ran za ta yi ƙasa da su.

Mai saye yana da awon da ya fi na kowa. A cika tanki har famfo ya tsaya, a rubuta lambar kilomita, a yi zirga-zirgar da aka saba, a dawo famfon nan a sake cikawa, a raba kilomita da lita. Sau biyu ko uku ya isa a san halin mota. Kafin a biya kuɗi kuma, a kunna ta da sanyin safiya. In fanka ta tashi tare da inji alhali na'urar sanyi a kashe take, an haɗa ta kai tsaye. In allurar zafi ta ƙi hawa tsakiya bayan an ɗan yi tafiya, ko ta sauka a babbar hanya, a zargi tamostat. A murɗa makulli a ga wutar inji ta kama sannan ta mutu bayan tashi, domin akwai masu cire ƙwanta. A sa sikana, a leƙa ƙarƙashin salansa a nemi sabuwar walda. Motar da aka yi wa wannan tiyata kuɗinta ya ragu, a cire kuɗin mayar da kayan daga ciniki. Wanda saƙon ya riga ya sa ya cire tamostat, ya saya ya mayar kafin hunturu. Masu turawa kuma, don Allah ku dakata haka nan.