Dodon kara da dodon roba: wasan yara a ƙasar Magarya da Dungas

Idan watan Oktoba ya kama, aka girbe hatsi aka ɗaure dammuna a ƙasar Magarya da Dungas, abin da ke saura a gonaki shi ne kara. Magidanci na ganinsa danni ne da makamashi da abincin bisashe. Yaro kuwa kasuwa ce ta buɗe masa wadda ba a biyan ko dala.

A daidai wannan lokaci, ranar 31 ga wata, yaran Amurka da Ingila ke yin bikinsu na Halowin, wanda tushensa ke ƙasar Ailan. Suna shigar fatalwa da mayu, su fafe kabewa su yi mata idanu da haƙora, su bi gida gida ana ba su alewa. Hotunan bikin sun iso mu ta salula, har yaro kan roƙi ubansa ya sayo masa fuskar roba idan ya je sari Kano. To, kafin alhaji ya zaro jikka, ya kamata ya tuna da abin da shi kansa ya yi yana ɗan shekara 10.

Tashe muke nufi. Daga daren 10 ga azumi, bayan an sha ruwa, yara kan fito ƙungiya ƙungiya suna kwaikwayon manya, kuma dukan kayan wasan daga cikin gida suke fitowa. Mai yin Tsoho da Gemu auduga ce gemunsa, ya shafa toka a ka, ya duƙa bisa sanda yana makyarkyata kamar zai faɗi. Jatau Mai Magani tsumma yake sha, ya rataya saiwoyi da layun ƙarya, yana lissafa itatuwa da cututtukan da wai suke warkarwa, abokansa na amsawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tallar magani ranar kasuwa ya san da wa ake. Tashen Gwauro igiya kawai yake bukata da gwangwanaye, ga shi kuma ya fi kowane cizo, domin tuzurun unguwa ake yi wa ba'a har ƙofar ɗakinsu. Ƴan mata su kuma da ƙwarya suke yin kiɗansu, suna kwaikwayon zaman aure da kishi. Mai gida ya yi dariya, ya ba da hatsi ko ɗan canji, a wuce gaba.

Wannan wasa ya yi tafiya mai nisa tare da fatake. A Wagadugu, yaran Mosi na yin wasan da suke kira Dodo cikin azumi, da fuskokin namun daji na ƙwarya, kuma Hausawa ne suka kai musu shi.

Sai dai tashe wata yake bi, ba damina ko rani ba, yana matsowa da kwana 11 kowace shekara. A 2005 azumi ya faɗo cikin Oktoba, tashe da kaka suka haɗu. A 2025 cikin Maris aka yi shi. Kaka tana da nata wasan, wato wasan kara, wanda Damagaram ta yi suna da shi. Samari kan naɗa sarkinsu da fadawansa da alƙali da sojoji, su ƙera dawaki da bindigogi da kara, su kwaikwayi masu mulki a bainar jama'a, masu mulkin kuma su zauna su kalla. Ma'aikacin da ke karanta wannan shafi, wataƙila an taɓa kwaikwayon tafiyarsa bai sani ba.

Wanda ke son tara yaran gidansa da na maƙwabta a daren kaka, bai rasa komi ba. Kara guda mai kauri doki ne, a yi sukuwa daga bakin zaure zuwa gindin bedi. Da ɓawon kara da totuwarsa ake haɗa tabarau da agogo da mota, amma babba ya ɓare musu, domin ɓawon yana yanka kamar reza. In abin tsoro suke so, ga tsohon duma: a huda masa idanu da baki, a shafa gawayi, yaro ɗaya ya kifa a ka ya lulluɓa da buhu ya ɓuya bayan rumbu, sauran su fita nemansa, wanda ya kama shi ne sabon dodo. Tocila za a sa cikin duman in ana son ya yi haske. Kada a yarda da kyandir ko fitilar kananzir, domin gari ne na danni da bunu, ga iskar hunturu na tafe, kuma gobarar kaka rumbu take ci. Ƙananan da ba su kai shekara 5 ba a nuna musu fuskar da rana, su taɓa ta, su ga ɗan'uwansu ne a ciki. In an gaji, tsohuwa ta rufe da tatsuniyar Gizo da Dodo.

Akwai dalilin da ya sa muka dage kan kasancewar babba a wurin. A azumin 2024, ƴan sandan Kano sun hana tashe, saboda ƴan daba na fakewa da shi suna ƙwace da sara. Laifin ba na wasan ba ne. Tun ranar da dattawan unguwa suka daina zama ƙofar gida suna kallo, dare ya koma hannun wasu. Tsakaninmu da Kano ba nisa, kuma abin da ya ci kasuwa can ba ya daɗewa bai ƙetaro ta Ɓaɓura ko Maigatari ba.

Saboda haka kira muke ga masu unguwanni da malaman lakwal, daga Bande da Waca har Dogo-Dogo da Malawa, da su keɓe fili guda da dare guda bayan girbi, su zauna a gani. Ɗan kasuwa ya kawo kwalayen da ke jibge bayan kantinsa da kwano biyu na gyaɗa. Karan kuwa a aiki yaran su kwaso da yamma, kafin makiyaya su sako shanu cikin gonaki.