Duba Kwalba Kafin Ka Biya Kuɗi

Malam manomi, maganin ƙwari da na ciyawa guba ne. Abin da ke kashe tsutsa yana iya kashe mutum. Saboda haka manoman Daura da sauran ƙauyukan Karaye da Rogo, in kun je kasuwa sayen magani, ku fara duba takardar da ke manne a jikin kwalba.

Launin da ke gindin takarda

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan feshi aji aji bisa ga haɗarinsu. Za ka ga layi mai launi a ƙasan takardar. Ko ba ka iya karatu ba, launi zai gaya maka:

1. Ja: mugun haɗari. Akwai hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a giciye. Ɗan kaɗan ya isa ya yi kisa.
2. Ruwan ɗorawa: mai cutarwa.
3. Shuɗi: haɗarinsa kaɗan ne, amma a kula.
4. Kore: mafi sauƙi, amma shi ma guba ne.

Ka lura, launin nan yana nuna haɗari ga mutum ne, ba ƙarfin magani a kan ƙwari ba. In shuɗi ko kore zai yi maka aiki, bar jan.

Sauran abin dubawa

Nemi lambar rajista ta NAFDAC da ranar da magani zai lalace. Duba irin amfanin gonar da aka yi shi dominsa, da awon da za a zuba, da kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi. In ka ga hoton mataccen kifi, maganin yana kashe kifi. Masu noman rani a bakin madatsar ruwan Challawa, kada ku wanke injin feshi a cikin ruwa.

Maganin da ba takarda

Kada ka sayi maganin da aka ɗura a kwalbar lemo ko aka ƙulla a leda, komai araharsa. Ba ka san abin da ke ciki ba, likita ma ba zai sani ba.

Kada ka zuba maganin feshi a cikin wake na ajiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya don an sami dichlorvos da yawa a cikinsa. Wannan wake dai shi iyalinka za su ci. Buhun PICS mai hawa uku yana kashe ƙwari ba tare da magani ba.

In an sami hatsari

Tuɓe rigar da magani ya taɓa, wanke jiki da ruwa da sabulu. In wani ya sha, kada a tsaya ba shi manja ko madara. A kai shi asibiti nan da nan, a tafi da kwalbar.

In takarda ta shige maka duhu, kai ta wurin malamin gona na KNARDA ya karanta maka kafin ka buɗe murfi.