Ilimi da Ladabi a Muhawara kan Waƙar Baka

Muhawara kan waƙar baka ta Hausa takan haɗa rukuni biyu: manazarta da suka karanci fannin, da dattawan da suka rayu da waƙoƙin. Saɓani yakan taso idan dattijo ya jingina waƙa ga wanda bai yi ta ba. A nan manazarci yakan tsaya tsakanin gyara da kawaici.

Kirk-Greene (1974) ya lissafa gaskiya da kunya da ladabi cikin siffofin mutumin kirki, amma a irin wannan zama sukan yi karo. Mafita ita ce a bambance nau'in saɓanin. Waƙar baka ba ta da matani guda tabbatacce. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya rera Bakandamiyarsa a lokuta daban-daban, da ƙari da ragi. Saboda haka wanda ya riƙe faifai ɗaya ba shi da hurumin ƙaryata wanda ya saurare ta a dandali.

Sai dai akwai abin da ba ya sauyawa da sauyin rerawa: Narambaɗa makaɗin kotso ne, Shata na kalangu, Ɗanmaraya Jos na kuntigi. Kuskure a nan, idan kunya ta hana gyara shi, yakan shiga kundin digiri, na baya su kafa hujja da shi.

Dabarar da ta dace ita ce tambaya: "Baba, a ina aka ji wannan?" Amsar takan warware kuskuren ba tare da zubar da girma ba, wani lokaci ma ta fito da rerawar da ba a taɓa naɗa ba.