BABI NA UKU: DALILAN DA KE SA ƊALIBAN JAMI'A SHIGA RAJISTAR MASU BA DA ƁARGO

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai duba dalilan da ke sa ɗaliban jami'o'in Amurka da Ingila su ba da sunayensu a rajistar masu ba da gudummawar ɓargo. Amma kafin a kai ga dalilan, ya kamata a fahimci abin da ya sa masu kula da rajistar suke farautar ɗalibai fiye da sauran jama'a.

Dashen ɓargo hanya ce da likitoci ke bi wajen magance sankarar jini da amosanin jini da wasu cututtukan garkuwar jiki. Dacewar mai bayarwa da majiyyaci ba ta rataya a kan rukunin jini ba. Ta rataya ne a kan wasu alamomi na ƙwayoyin jiki da ake kira HLA, waɗanda mutum ke gada rabi daga uwa, rabi daga uba. Saboda haka damar a dace da shaƙiƙi ɗaya ce cikin huɗu, kuma kimanin kashi 70 cikin 100 na majiyyata ba sa samun wanda ya dace da su sosai a cikin gida. Dole ke nan a nema a waje. Wata uwa mai suna Shirley Nolan ce ta kafa rajista ta farko a Landan a 1974 domin nema wa ɗanta Anthony mai bayarwa. Yaron ya rasu a 1979 ba a samu ba, amma rajistar ta ci gaba da sunansa. An kafa ta Amurka, wato NMDP, a 1986, ta Jamus kuwa, wato DKMS, a 1991. A yau masu suna a irin waɗannan rajistoci sun haura miliyan 40 a duniya.

Bincike ya tabbatar da cewa majiyyaci ya fi samun damar rayuwa idan mai ba shi ɓargon matashi ne. Wannan ne ya sa tun daga 2012 Anthony Nolan ba ta karɓar sabon suna sai na ɗan shekara 16 zuwa 30. Likitoci kuma sun fi neman samari maza, domin jikinsu ya fi ba da ƙwayoyi masu yawa. To, babu inda matasa masu lafiya suka taru wuri guda kamar jami'a.

3.1 Abin da Ke Kawo Ɗalibi Gaban Tebur

Galen Switzer na Jami'ar Pittsburgh da abokan aikinsa (1997) sun tambayi waɗanda suka ba baƙi ɓargo dalilansu. Daga cikin amsoshin akwai tausayin majiyyaci, da ganin cewa wajibi ne a kan mutum, da jin daɗin da mai bayarwa ke samu a ransa, da abin da ya taɓa faruwa ga wani nasa, da auna riba da hasara, da kuma son taimako kawai ba tare da dogon tunani ba. Abin lura a nan shi ne, masu auna riba da hasara da masu son taimako kawai sun fi kowa shiga wasiwasi kafin bayarwa, alhali masu tausayi da masu jin daɗin aikin sun fi kowa gamsuwa bayanta. Wato ke nan, dalilai ba darajarsu ɗaya ba, ko da kuwa sun kai mutane ga sa hannu a takarda ɗaya.

Idan aka dawo kan ɗalibai, dalilin da ya fi fitowa fili shi ne sauƙi. A da sai an ɗebi jini kafin a sa mutum a rajista. Yanzu kuwa ana goga auduga ne a cikin kunci, a cika takarda, cikin 'yan mintoci an gama. Ɗalibin da ya fito daga lacca zai iya yin haka kafin ya isa ɗakin cin abinci.

Wanda ya fi wannan ƙarfi shi ne wanda ya yi kiran. Ɗalibi ya fi jin maganar ɗalibi ɗan'uwansa a kan ta baƙon jami'i. A Ingila, ɗaliban likitanci na Jami'ar Nottingham sun kafa ƙungiyar Marrow a 1998, kuma ta bazu zuwa jami'o'i da dama inda ɗalibai da kansu ke ɗaukar sunayen 'yan'uwansu a madadin Anthony Nolan. A Amurka abin ya bi ta filin wasa ne. Andy Talley, mai horar da 'yan ƙwallon Amurka na Jami'ar Villanova, ya fara sa 'yan wasansa su shiga rajista a 1992, sannan ya tura su su jawo sauran ɗalibai. A 2008 aka faɗaɗa shirin zuwa wasu jami'o'i tare da haɗin gwiwar NMDP. Ba sai an faɗa ba, ɗan wasan da mai horar da shi ya nuna wa tebur, ga abokan wasansa sun yi layi, da wuya ya juya baya. A nan son taimako da kunya suke cuɗanya har a kasa rabe su.

Haka kuma akwai sanin majiyyaci, domin gani ya kori ji. Mandi Schwartz ɗaliba ce a Jami'ar Yale, kuma 'yar wasan hoki na kan ƙanƙara. An gano tana da sankarar jini a ƙarshen 2008, ta rasu a 2011. Tun tana jinya 'yan wasan jami'ar suka fara gangamin ɗaukar sunaye, aka mayar da shi na shekara-shekara da sunanta. Ita ba ta samu wanda ya dace da ita sosai a rajista ba, sai jinin cibiya aka dasa mata, amma wasu da suka ba da suna dominta sun dace da majiyyatan da ba su taɓa sani ba.

Sai kuma kishin jinsi. Tun da alamomin HLA gado ne, mutum ya fi dacewa da wanda suka haɗa asali. Alƙaluman da NMDP ta fitar a 2021 sun nuna damar Bature ya samu wanda ya dace da shi ta kai kashi 79 cikin 100, ta baƙar fata kuwa 29 ce kawai. Dalili shi ne baƙaƙe ba su da yawa a rajista, sannan alamomin 'yan asalin Afirka sun fi na kowa bambanta. Ɗalibi baƙar fata da ya ji wannan yakan ga cewa idan bai shiga ba, babu mai shigar masa. Irin wannan giɓi ne ya sa Seun Adebiyi, haifaffen Nijeriya da ya karanta shari'a a Yale, wanda ya kamu da sankarar jini a 2009, ya tsaya har aka buɗe rajistar Nijeriya a Inugu a 2012. Sai dai wannan kishi yana da abokin hamayya, wato rashin yarda da likitoci, wanda a Amurka yake da tushe a abubuwa irin su binciken Tuskegee na 1932 zuwa 1972, inda aka hana baƙaƙe masu ciwon tunjere magani da gangan.

Kuɗi ba ya cikin dalilan, domin rajistocin ba sa biyan mai bayarwa, sai dai su ɗauki nauyin tafiyarsa da jinyarsa.

3.2 Tsakanin Ba da Suna da Amsa Kira

A nan ne gizo ke saƙar. Ba da suna alkawari ne kawai, kuma mafi yawan masu alkawarin ba za a taɓa kiransu ba. Wanda aka kira kuwa, sau da yawa sai bayan shekaru, lokacin da ya bar jami'a, abokai sun watse, mai horarwa ba ya nan. A sannan ne ake gane wanda ya shiga da niyya da kuma ɗan bi-yarima-a-sha-kiɗa. Binciken da Switzer da abokan aikinsa suka ci gaba da yi ya nuna cewa wasiwasi shi ne babbar alamar wanda zai janye, a kowane jinsi. Haka kuma wanda ya shiga domin wani majiyyaci takamaimai yana iya noƙewa idan aka ce wani baƙo ne zai amfana.

Galibin wannan wasiwasi daga tsoro yake, tsoron kuma daga rashin sani. Ɗalibai da yawa sun ɗauka laka ake hudawa, alhali ba a taɓa ta ko kaɗan. Kimanin tara cikin goma na masu bayarwa a yanzu ta jijiya ake ɗibar ƙwayoyinsu: a yi musu allura ta kwana huɗu ko biyar domin ƙwayoyin su fito daga ɓargo zuwa jini, sannan na'ura ta tace su cikin 'yan sa'o'i ta mayar da jinin. Sauran ne ake sa wa barci a zuƙo ɓargon daga ƙashin ƙugu, kuma jiki yana mayar da abin da aka ɗiba cikin 'yan makonni. Ga ɗalibai kuma akwai iyaye. Ɗalibin da ya sa hannu bai shawarci gida ba yana iya cin karo da uwar da za ta ce sam.

Janyewa hakkin mai bayarwa ne, babu mai tilasta masa, amma tana da tsada. Idan ya janye da wuri, an ɓata wa majiyyaci makonnin da ba shi da su. Idan kuwa ya janye bayan an fara ba majiyyaci magungunan da ke kashe tsohon ɓargonsa, to rayuwarsa ce ke cikin haɗari. Saboda haka yawan sunayen da gangami ya tara ba shi ne ma'aunin nasararsa ba, ko da yake shi ne abin da aka fi yayatawa. Rajista mai sunayen ganin ido tana yaudarar likita da majiyyaci, su sa rai ga wanda ba zai zo ba.

Wannan ne ya sa ake horar da ɗaliban da ke zama a tebur su yi wa kowa bayanin hanyoyin bayarwa biyu kafin ya sa hannu, su kuma nanata masa cewa kowane majiyyaci a duniya yake wa alkawari, ba wanda hotonsa ke manne a bango kaɗai ba. Bugu da ƙari, da yake ɗalibi kan sauya masauki kusan kowace shekara, adireshin imel na jami'a kuma yakan mutu bayan kammala karatu, akan nemi ya ba da nasa na kansa, tare da lambar wani ɗan'uwa da za a iya samunsa ta hannunsa ranar da aka buƙace shi.